Ko Ka San Da Gangan Ake Karce Cikin Injin Mota?

Ranar da na fara leƙa cikin silindar injin da aka kwance a gareji, na zaci wani ne ya yi masa aikin ganganci. Bangon ƙarfen cike yake da siraran zane masu gittawa juna, kamar saƙar tabarma. Bakaniken ya ce ai injin da ya rasa wannan zanen shi ne mara lafiya.

Ashe tun daga masana'anta ake yin sa. Bayan an huda silinda, sai a zura duwatsun washi a ciki, suna juyawa suna hawa da sauka, su bar 'yan kwaruruka masu haɗuwa a kusurwar digiri 45 ko kusa da haka. A nan baƙin mai ke kwanciya, kamar ruwan sama tsakanin kunyoyin gona, ringin fistin ya riƙa lasa duk wucewarsa. Ran da bangon ya goge ya zama madubi, mai ya rasa wurin maƙalewa, ringi ya daina toshewa, sai injin ya kama shan mai da hayaƙi. Janareton dizal da ake bari yana aiki ba nauyi a kansa yakan gamu da wannan cuta.

Kaushin ma in ya yi yawa ɓarna ne. A cikin boris, man da ke raba ƙarfe da ƙarfe sau da yawa bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali kaurin silin gashi ya kai wajen 70. Tsinin da ya zarce kaurin man zai huda shi, ƙarfe ya ci ƙarfe. Shi ya sa a silinda ake aske kan tuddan, a bar kwarurukan.

Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne tubalan awo na Carl Edvard Johansson, mutumin Suwidin da ya ƙirƙiro su a 1896. Tsabar sulɓinsu ta kai in ka murza ɗaya a kan ɗaya sai su manne, ba gam, ba maganaɗisu, ka ɗaga na sama na ƙasa ya biyo shi. Henry Ford ya ga darajarsu, har ya ɗauko mutumin ya kawo shi kamfaninsa a 1923. Sai dai fuska biyu irin wannan ba sa bar wa mai wurin zama. Don haka har yau akwai gwanayen da ke bin hanyar zamiyar injinan sassaƙa ƙarfe da makankari a hannu, suna fiffige mata 'yan ramuka, kowanne ya riƙe ɗigon mai.