Lambu a Kan Rairayin Bakin Teku

Na sha jin matan 'yan kasuwarmu a zangon Kwatano da Lome suna kukan cewa ƙasar nan ba ta da albarka: an shuka alayyafo da yakuwa a bayan gida, an zuba takin zamani, amma ganye sai rawaya. Ni dai a ganina ƙasar ba ta da laifi, halinta ne daban.

Rairayin bakin teku kamar rariya yake. Ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe taki. Ga damina biyu a shekara, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Takin da kika zuba yau, ruwan gobe ya wanke shi zuwa inda saiwa ba ta kaiwa.

Dubi manoman Anloga a Gana. A ɗan siririn rairayi tsakanin teku da tafkin Keta suke noman ƙananan albasa, har su kai kasuwannin Ankara. Dabararsu: kashin shanu da na kaji a kowane fangali, da ban-ruwa kullum daga rijiyoyi marasa zurfi.

Don haka Hajiya, ki cakuɗa ruɓaɓɓen kashin kaji da ƙasar kafin shuka, ki rufe fangalin da busasshiyar ciyawa. Takin zamani kuwa kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ki kuma riƙa ɗanɗana ruwan rijiya da rani. In ya koma zartsi, gishirinsa zai ƙone shukar; gara ki tara ruwan sama a duro.