Littattafan Soyayya na Sababbin Marubuta: Me 'Ya'yanku Ke Karantawa a Waya?

'Yan uwa makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka. A shirinmu na wannan makon mun taɓo wata magana da ta shiga gidaje da rugage da rumfunan kasuwa ba tare da ta yi sallama ba, wato littattafan soyayya da samari da 'yan mata ke karantawa a waya. Wataƙila ka ga 'yarka ta duƙufa kan waya har dare ya raba, ko yaron shagonka ya toshe kunne yana murmushi shi kaɗai. To, sau da yawa labari ne suke bi. Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna.

Da farko, abin ba yau ya fara ba. A 1980 aka buga "So Aljannar Duniya" na Hafsat Abdulwaheed, labarin wata budurwa Bafulatana da ta so wanda ba ɗan ƙabilarta ba. Ka ji ko? Tun daga tushe akwai ku a ciki. Bayan haka, da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya saboda matsin tattalin arziki, sai matasa a Kano suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da "Budurwar Zuciya" da "Wa Zai Auri Jahila?", Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da "In Da So Da Ƙauna", Bilkisu Funtuwa kuma da "Allura Cikin Ruwa". Masana suka laƙaba wa wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano. Ƙananan littattafai ne masu araha, kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, kuma 'yan kasuwa irinku ne suka riƙa ɗauko su daga Kano zuwa Katsina, Jibiya, Maraɗi da Damagaram.

Surutu ma ba yau aka fara yi a kansu ba. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona wasu littattafan a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata a jihar Kano, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. Amma karatun bai tsaya ba, sai ma ya sauya hanya.

Yau sabon marubuci, wanda galibi mace ce, ba ya jiran maɗaba'a. A waya take rubutawa, ta riƙa sakin labarin shafi-shafi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad. Shafukan farko kyauta ne. Sai labari ya ɗauki zafi, an kai inda za a ɗaura wa yarinya aure da wanda ba ta so, sai a ce daga nan sai wanda ya biya. Ana biya ta banki ko da katin waya, har ma akan ware wa mutanen Nijar lambarsu daban don su biya da sefa. Wanda bai iya boko ba shi ma ba a bar shi a baya ba. Akwai masu karanta littafin da murya su ɗora a YouTube, kuma masu shagon cajin waya kan tura wa mutum a memori. Shi ya sa za ka ga yaro yana bayan shanu, babu sabis a dajin, amma labari na tafiya a kunnensa.

To, mene ne a ciki? Soyayya ce a sama, amma in ka tona za ka tarar da maganar gidanka: auren dole, kishi tsakanin kishiyoyi, talaka da ya nemi 'yar mai kuɗi, yarinyar da aka cire daga makaranta, matar da aka saka da yara a hannu. Abin da 'yarka ba za ta iya ɗaga ido ta faɗa maka ba saboda kunya, shi take karantawa a bakin wata.

Akwai amfani a fili. Yaron da ke karanta labari kullum, idonsa na sabawa da harafi. Gobe shi zai karanta maka rasit, da takardar allurar dabbobi, da saƙon abokin cinikinka. Ga yaranmu na Nijar da suka yi lakwal da Faransanci kuwa, nan suke gane cewa abin da suka saba rubutawa da "tch" shi ne "c" a Hausa, "ou" kuma shi ne "u". Wasu marubutan ma sun samu abin rufin asiri, kuma a 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata don mata masu rubuta gajerun labarai.

Akwai kuma inda gizo ke saƙa. Littafin waya ba ya bi ta hannun mai tacewa kafin ya fito. Wasu marubutan, don su ja masu biya, sukan cusa batsa, su rubuta a sama cewa na matan aure ne, alhali babu mai gadin ƙofa. Wasu kuma duk taurarinsu 'ya'yan attajirai ne, gidan bene da mota da zuwa Dubai. Yarinyar da ta cika kanta da wannan, in ba a lura ba, sai ta raina saurayin da arzikinsa garke ne ko rumfa.

Saboda haka ga shawararmu. Malam, kar ka fara da ƙwace waya. Ta maƙwabta tana nan, kuma daga ranar an daina gaya maka komai. Ka tambayi sunan littafin da na wanda ya rubuta. Ka ce a karanta maka shafi biyu bayan sallar isha'i, ko uwar ɗaki ta zauna a saurara tare. In mai kyau ne, kowa ya ƙaru. In akwai abin kunya a ciki, mai karantawar da kanta za ta kasa ci gaba, ka ga ba sai ka yi dogon faɗa ba. Hajiya, ke ma ki tambayi 'yarki me ya burge ta a labarin, amsarta za ta nuna miki abin da ke ranta.

Ku kuma samari da 'yan mata, ku zaɓi marubucin da za ku iya karanta littafinsa a gaban yayarku. In na kuɗi ne ku biya, kar ku karɓi wanda aka sato ana yaɗawa, domin gumin wani ne. Kuma in akwai mai sha'awar rubutu a cikinku, labarin ruga da mashekari da ranar kasuwar Maigatari ko Illela har yanzu bai samu masu rubuta shi da yawa ba. Ku kuka san shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya tsare dukiya da hanya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.