Hudu Ari da Safiyar 16 ga Afrilu: Abin da Ya Faru da Abin da Aka Ƙara wa Gishiri

A Ngurore, garin kasuwar shanu da ke kan hanyar Yola zuwa Numan, in zancen zaɓen gwamna na 2023 ya taso, da wuya a tashi ba a ambaci Barista Hudu Yunusa Ari, kwamishinan zaɓen INEC a Adamawa a lokacin, ba. Garin yana cikin ƙaramar hukumar Yola ta Kudu, wato yankin da Aishatu Dahiru Ahmed Binani, 'yar takarar APC a zaɓen, ta wakilta a Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, ta kuma sake wakilta a Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023. Saboda haka kowa a nan yana da ɓangare, kuma kowane ɓangare yana da nasa labarin. Magoya bayan Binani na cewa an ayyana ta a matsayin wadda ta ci, aka ƙwace. Na Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri na cewa an sayi kwamishinan zaɓe da naira biliyan 2, jama'a suka kama shi suka yi masa tsirara. Duk labaran biyu akwai ƙwayar gaskiya a cikinsu, akwai kuma ƙaiƙayi mai yawa.

A fara da mutumin kansa. Masu cewa Hudu Ari kwamishinan gwamnatin jiha ne, ko kuwa ɗan Adamawa ne da ke da tsohuwar gaba da Gwamna, sun haɗa ofis biyu wuri ɗaya. Jihar tana da tata hukumar zaɓe, ADSIEC, wadda Gwamna ke naɗa shugabanninta, kuma aikinta zaɓen ƙananan hukumomi 21 ne kaɗai. Hudu Ari kuwa a lokacin ma'aikacin INEC ne, hukumar tarayya. Lauya ne ɗan jihar Bauchi, ya yi aikin gwamnati a can, sannan Shugaba Muhammadu Buhari ya aika sunansa Majalisar Dattawa cikin mutum 19 a watan Yulin 2022. Majalisa ta amince da su a Oktoba, aka rantsar da su a Nuwamba, aka turo shi Yola. Ke nan bai cika wata shida a kujerar ba lokacin da abin ya faru.

Masu neman sanin wa ya taɓa kaɗa wa ƙuri'a a majalisa ko wace jam'iyya ya tsaya wa takara suna neman abin da muƙamin ba ya ɗauke da shi. Kwamishinan zaɓe naɗa shi ake yi, ba zaɓarsa ba, kuma tsarin mulki ya ce kada ya kasance ɗan wata jam'iyya. To amma zargin da jama'a ke yi ba daga sama ya faɗo ba. A 2022 ƙungiyoyin farar hula sun yi ƙorafi cewa wasu daga cikin mutum 19 ɗin nan suna da alaƙa da jam'iyya mai mulki, majalisa ta saurara, ta tabbatar da su gaba ɗaya. Wanda Shugaban Ƙasa na APC ya naɗa, ya zo ya ayyana 'yar takarar APC ba bisa ƙa'ida ba, dole mutane su haɗa wannan da wancan. Sai dai zato daban, hujja daban.

Akwai kuma masu cewa an ƙirƙiri zancen zaɓe bai kammala ba ne musamman don a hana mace mulki, ko don a kayar da Fintiri, gwargwadon wanda ke ba da labarin. Alƙaluma ba su goyi bayan ko ɗaya ba. Bayan zaɓen 18 ga Maris, Fintiri na PDP na da ƙuri'a 421,524, Binani na da 390,275. Tazarar 31,249 ce. Rumfuna 69 da aka soke zaɓensu kuwa, masu katin zaɓe a cikinsu sun haura 37,000. Ƙa'idar INEC ita ce in waɗanda ba su samu damar yin zaɓe ba sun fi tazarar yawa, ba a bayyana wanda ya ci sai an ƙarasa. Ita ce ƙa'idar da ta yi aiki a Adamawa a 2019, lokacin da Fintiri ya kayar da Jibrilla Bindow bayan zagaye na biyu, ita ce kuma ta yi aiki a Kano da Sakkwato da Bauchi a shekarar. Ana iya ƙin ƙa'idar, Kanawa da yawa ma har yau ba sa son jin sunanta, amma ba don Binani aka rubuta ta ba.

An yi ƙarashen zaɓen ranar Asabar 15 ga Afrilu, cikin goman ƙarshe na azumi da zafin Yola da aka sani. Da dare baturen zaɓe, Farfesa Mohammed Mele na Jami'ar Maiduguri, ya karɓi sakamakon ƙananan hukumomi 10 daga cikin 20 da abin ya shafa, sannan ya ɗage zama zuwa ƙarfe 11 na safiyar Lahadi. Wajen ƙarfe 9, Farfesan bai iso ba, sai ga Hudu Ari ya shigo zauren tattara sakamako da jami'an tsaro, Kwamishinan 'Yan Sanda Mohammed Barde na gefensa. Ya zauna, ya karanta daga wata takarda cewa Binani ce ta ci. Bai faɗi ƙuri'a nawa ta samu ba, bai faɗi nawa Fintiri ya samu ba. Wakilan jam'iyyu suka tashi da ihu, aka fita da shi. Kafin azahar bidiyon ya zaga kowace waya daga Jimeta zuwa Mubi, ita kuma Binani ta yi jawabin karɓar nasara.

To, gaskiya ne an ayyana ta. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa wannan ayyanawa tana da ƙarfin doka. A ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen da ita, baturen zaɓe ne kaɗai ke da ikon bayyana wanda ya ci, bayan an gama tattara sakamako an cika takardar da wakilai ke sa wa hannu. Kwamishina shi ne mai gidan ofishin jiha: kayan aiki, ma'aikata, motoci da hulɗa da jami'an tsaro duk a hannunsa suke. Amma kamar dillali ne a kara, yana iya haɗa ciniki ya kuma shaida, sallamawa kuwa sai mai saniya. A ranar ce INEC, ta bakin kwamishinanta na ƙasa Festus Okoye, ta ce sanarwar banza ce. Washegari ta umarce shi ya nisanci ofis, sakataren mulki Adamu Gujungu ya karɓi ragama. Ranar Talata 18 ga wata Farfesa Mele ya ƙarasa aikinsa, ya bayyana Fintiri da ƙuri'a 430,861, da tazarar sama da 30,000.

Hudu Ari bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. A hirarsa da BBC Hausa ya ce bai yi nadama ba, ya zargi kwamishinonin ƙasa da aka turo daga Abuja da mayar da shi gefe, ya dage cewa Binani ce ta yi nasara. Wannan ikirari ya samu damar zuwa gaban alƙalai har hawa uku. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yi watsi da ƙarar Binani a Oktoban 2023, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi sahu a Disamba, Kotun Ƙoli ta rufe babin ranar 31 ga Janairun 2024, tare da kakkausan suka ga abin da kwamishinan ya aikata. Don haka masu kiran Binani mace ta farko da aka zaɓa gwamna suna faɗin burinsu ne. Mace ɗaya ta taɓa riƙe kujerar a Najeriya, Virginia Etiaba ta Anambra, daga Nuwamban 2006 zuwa Fabrairun 2007, ita ma saboda an tsige Peter Obi ne tana mataimakiyarsa.

Ƙaryar da ta fi muni ita ce ta bidiyon dukan. Dattijon da aka gani an tuɓe masa riga, jini a jikinsa, matasa na yi masa tambayoyi, ba Hudu Ari ba ne. Farfesa Abdullahi Abdu Zuru ne, kwamishinan INEC na ƙasa a lokacin, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wanda aka turo sa ido kan zaɓen. An ɗauke shi a matsayin wani, aka wulaƙanta shi cikin azumi, kuma har yau akwai masu tura bidiyon a WhatsApp da sunan Hudu Ari a ƙasansa. Abin mamaki, yana cikin waɗanda shi Hudu Arin ke zargi da yi masa zagon ƙasa.

Maganar biliyan 2 ma daga bidiyo ta fito: wani mutum da aka ce jami'in tsaron farin kaya ne, taron fusatattu sun kewaye shi, yana faɗin an ba da kuɗin. Binani ta musanta, ta ce tilasta masa aka yi. Hudu Ari ya musanta. Furucin wanda ke tsoron ransa ba shaida ba ne ko a gaban alƙalin ƙauye, kuma babu kotun da ta tabbatar da wannan kuɗi. Tuhuma shida da INEC ta shigar a Babbar Kotun Jihar Adamawa da ke Yola a watan Yulin 2023 sun ta'allaƙa ne kan sanarwar kanta: bayyana sakamakon ƙarya, karya rantsuwar rashin ɗaukar ɓangare, shiga aikin da ba nasa ba, da tayar da hankalin jama'a. Laifin bayyana sakamakon ƙarya kaɗai, dokar ta tanadar masa ɗaurin wata 36.

Sauran masu cewa an kore shi nan take, ko kuma ba a yi masa komai ba, kowannensu rabi ya sani. Buhari ya amince da dakatar da shi ranar 20 ga Afrilun 2023, Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya janye Mohammed Barde daga aikin zaɓen Adamawa, 'yan sanda suka tsare Hudu Ari a farkon Mayu, suka ba da belinsa. Amma INEC ba ta da ikon korar kwamishinanta. Sashe na 157 na tsarin mulki ya ce sai Shugaban Ƙasa, da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa. An yi wannan kariya ne don kada mai mulki ya tsige jami'in da ya ƙi yi masa biyayya, sai ga shi ta rufa wa wanda ya karya doka a gaban kyamara asiri kusan shekara biyu. Sai a Fabrairun 2025 majalisa ta amince da buƙatar Shugaba Bola Tinubu, aka sallame shi tare da Dakta Nura Ali na Sakkwato da Ike Uzochukwu na Abiya, waɗanda su ma tun 2023 suke a dakace.