Kirari da Shaida: Karanta Takardar Mai Neman Aikin Kwamfuta ga Wanda Ba Fanninsa Ba Ne

A kowace babbar ma'aikata, banki ne ko jami'a ko asibiti, akwai jami'in da takardun masu neman aiki kan fara sauka a teburinsa. Galibi ilmin mulki ya karanta, ko tattalin arziki, ko ma harshe, kuma ya daɗe yana ɗaukar akawu da ma'aji da direba ba tare da wata wahala ba, domin ya san aikin kowannensu. Amma ran da aka ce ana bukatar wanda zai rubuta manhaja ko ya kula da kwamfutocin ma'aikatar, sai ya ga an jibge masa takardu cike da sunaye irin su Python da SQL da React da Kubernetes, waɗanda bai san ko na abinci ne ko na magani ba. Shi ne kuwa zai tace, ya miƙa wa injiniyoyi 'yan kaɗan. Kuskurensa a wannan mataki ba mai gyara shi, saboda wanda ya zubar ba zai ƙara zuwa gaban kowa ba. Wannan lacca ta shafi yadda irin wannan jami'i zai kauce wa cinikin biri a sama.

Ita takardar da ake magana a kanta, wadda ma'aikata ke kira si-bi, sunanta daga Latin ya samo asali, ma'anarsa kuwa tafarkin da rayuwar mutum ta bi. Rubutu ce kamar kowane rubutu, kuma mai ita so yake a yarda da shi. Ta wannan fuska 'yar'uwar kirari ce. Mafarauci in ya tashi kirari ba ƙarya tsagwaronta yake yi ba, sai dai yakan zaɓi abin da zai ɗaga shi, ya binne saura. Jami'in ba zai iya auna gwanintar mutum a fannin da bai sani ba, bai ma kamata ya gwada ba. Abin da zai iya shi ne rarrabe kirari da shaida, wannan kuwa aikin mai karatu ne da ya san harshe.

Duk da haka akwai ɗan abin da lalle sai ya sani kafin ya buɗe takarda ta farko. Abin da jama'a ke kira aikin kwamfuta sana'o'i ne da dama, kamar yadda ginin gida ke da magini da kafinta da mai wayarin. Akwai mai ƙera fuskar manhaja, watau abin da mai amfani ke gani yana latsawa. Akwai mai aikin ciki, inda ake lissafi ana ajiye bayanai a rumbu. Akwai mai haɗa kwamfutoci da juna, akwai mai tsaron su daga ɓarayi, akwai kuma mai gyara idan na'ura ta tsaya. Gwanin kafinta ba ya zama mai wayarin don kawai a gida ɗaya suke aiki. Saboda haka sai jami'in ya zauna da injiniyan da ke neman ma'aikacin, ya tambaye shi wane aiki mutumin zai yi a watanni ukun farko, da abubuwa biyu ko uku da in babu su ba magana, da kuma waɗanda za a iya koya a bakin aiki. Yawancin tallan neman ma'aikata kan jera bukatu goma sha, alhali na gaske ba su wuce uku ba.

Sa'an nan sai sunayen, waɗanda ke yaudara ta hanya biyu. Wani lokaci suna kama amma ba dangi ba ne. Java da JavaScript duk a 1995 suka fito, amma kamfanin Sun Microsystems ne ya fitar da na farko, na biyu kuwa Brendan Eich ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape, aka laƙaba masa wannan suna don ya ci albarkacin farin jinin Java. Dangantakarsu ba ta wuce ta Kano da kanwa ba. Wani lokaci kuma sunayen sun sha bamban amma gida ɗaya ne. MySQL da PostgreSQL da Oracle rumbunan bayanai ne da ake magana da su da harshen SQL, kuma wanda ya ƙware a ɗaya ba ya daɗewa kafin ya saba da ɗaya. Wanda ya rubuta React ya san JavaScript ko bai ambata ba, haka nan wanda ya rubuta Django ya san Python. Jami'in da ke bin takarda da yatsa yana neman kalma ɗaya tak, zai zubar da gwani ya riƙe mai haddar sunaye.

Shekarun haihuwar waɗannan kayan aiki ma abin dubawa ne, kuma bincikensu ba ya cin minti biyu a intanet. Python ya fito a 1991, React a 2013, Kubernetes a 2014. Duk wanda ya ce ya shekara ashirin yana aiki da React, to kirarinsa ya wuce gona da iri. Amma kuskuren ya fi faruwa daga ɓangaren masu ɗauka. A 2020 Sebastián Ramírez ya ba da labarin wani talla da ya gani, ana neman wanda ya shekara huɗu ko fiye yana aiki da FastAPI. Shi da kansa bai cancanta ba, domin shekara ɗaya da rabi ke nan da ya ƙirƙiro abin.

Inda shaida take kuwa shi ne cikin aikatau. Jerin sunayen da ake tarawa a saman takarda ba ya faɗin kome, tun da kowa na iya rubuta suna talatin. Sai a gangara wurin da mutum ke bayanin ayyukan da ya riƙe, a duba me ya ce ya yi. Akwai bambanci mai girma tsakanin wanda ya ce ya saba da abu, da wanda ya ce ya taimaka wajen yin sa, da wanda ya ce ya gina shi, da wanda ya ce ya gina shi kuma ya ci gaba da kula da shi shekara biyu mutane suna amfani da shi. Na ƙarshen nan shi ya fi nauyi, domin manhaja kamar rijiya ce, haƙa ta ba ya kai yasar ta wuya, kuma sai an yi ta ɗiba ake sanin ko ginin ya yi kyau. Bayan aikatau sai a nemi adadi: mutum nawa ke amfani da abin, kwamfuta nawa ya kula da su, su nawa ne a ƙungiyar. Sa'an nan a gwada saman takarda da ƙasanta. Idan an jera suna a sama amma bai bayyana cikin bayanin ko aiki ɗaya ba, mai yiwuwa a littafi aka gamu da shi. Siffofi kuwa, irin su haziƙi da mai himma da mai son aiki da jama'a, ana iya tsallake su baki ɗaya. Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 ma, santsin Turanci ya daina nuna kome game da mai takarda, saboda na'ura na iya goge wa kowa.

A nan akwai wani tarko da ya shafi al'ada. Littattafan Amurka na koya wa mai neman aiki ya ce shi ya yi, shi ya jagoranta. Yaron da ya tashi a gidan da ake cewa yabon kai jahilci ne, sai ka ga ya rubuta cewa sun yi, ko an yi, ko da shi kaɗai ya kwana a kan aikin. Wani kuma zai ce shi ya gina abin da mutum ashirin suka gina. Wakilin suna kaɗai ba ya warware wannan, sai an tambaya. Bai kamata kunya ta jawo wa mutum asarar aiki ba.

Batun takardun shaida ba ya bukatar dogon bayani. Digiri da babbar difloma suna da amfani, amma a wannan fanni mutane da yawa ta wata ƙofa suka shigo: wasu da kansu suka koya, wasu ta kamfanoni irin su Andela da aka kafa a Legas a 2014, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar a 2023. Takardun shaidar kamfanoni kuma suna tsufa, alal misali CCNA ta Cisco da takardun AWS na Amazon shekara uku suke yi sai a sabunta, don haka a duba kwanan wata. Kowace iri ce, a tabbatar da ita daga inda ta fito. A 2012 Scott Thompson ya sauka daga shugabancin Yahoo bayan an gano cewa digirin kimiyyar kwamfuta da ke cikin tarihinsa babu shi, na akanta kaɗai ya yi. In kamfanin kwamfuta ya ruɗu a kan shugabansa, ƙaramar ma'aikata ba ta da dalilin sakin jiki.

Wasu kan sa adireshin shafinsu na GitHub, inda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu. Jami'in ba zai iya karanta abin da ke ciki ba, amma zai ga ko akwai aiki, da yaushe aka taɓa shi, da ko an yi bayanin amfaninsa da harshen mutane. Rashin shafin ba laifi ba ne, domin wanda ya yi wa banki aiki ba shi da izinin baje shi a kasuwa.

Mai yiwuwa a ce me zai hana a bar wa na'ura tacewar. An gwada. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa Amazon ya watsar da wata manhajar tace takardu, wadda aka horar da takardun shekara goma, yawancinsu na maza. Sai ta koyi rage wa takarda maki idan ta ga kalmar da ke nuna mata. Na'urar ta gaji son zuciyar waɗanda suka gabace ta ne. Mutum ma bai tsira ba: binciken Bertrand da Mullainathan na 2004 a Boston da Chicago ya nuna cewa takardu masu sunayen farar fata sun fi masu sunayen baƙar fata samun kira da kashi 50 cikin ɗari, alhali abin da ke cikinsu iri ɗaya ne. A ƙasar da suna ke faɗin garin mutum da addininsa, rufe suna da hoto a zagayen farko dabara ce mai arha.

Bayan karatu sai a kasa takardun uku: waɗanda shaidarsu ta fito fili, waɗanda ba su da alaƙa da aikin, da na tsakiya. Kason tsakiya shi ke bukatar kiran waya na minti goma, kuma tambayoyi iri ɗaya za a yi wa kowa, a rubuta amsoshin, don a sami abin gwadawa. A zaɓi aiki ɗaya daga takardar, a ce ya bayyana shi yadda wanda ba ɗan fanni ba zai gane, ya faɗi wane sashe ne nasa, me ya lalace, kuma yaya aka gyara. Wanda ya yi aikin da hannunsa yakan tuna daren da abu ya tsaya, da abin da ya fara zargi, da abin da ya tarar daga baya. Wanda yake gefe aka yi, sai ya koma jera sunaye. Wannan bambanci kunne na jin sa ko da bai san Python ba. Daga nan sai jami'in ya miƙa wa injiniyan sunayen tare da amsoshin da ya rubuta, shi kuma ya ba su ɗan aikin gwaji irin wanda za su riƙa yi in an ɗauke su.