Mata a cocin Mormon: Me ya sa duk gyaran da ake yi ke tsayawa a ƙofar firistanci?

A watan Yunin 2014, wani bishop a jihar Virginia ta Amurka ya sanar da lauya Kate Kelly cewa an kore ta daga cocin da ta tashi a cikinsa. Laifin da aka ɗora mata shi ne ridda, bayan ta jagoranci ƙungiyar Ordain Women, wadda aka kafa a 2013 domin neman a riƙa naɗa mata muƙamin firist. Waɗanda suka yanke hukuncin duka maza ne, domin a tsarin cocin babu macen da ke zama a kujerar yanke irin wannan hukunci.

Cocin Mormon, wanda Joseph Smith ya kafa a 1830, yana da hedikwata a birnin Salt Lake na jihar Utah, da mabiya kimanin miliyan 17 a faɗin duniya.

Inda matsalar take

A wannan coci, firistanci ba sana'ar wasu ƙalilan ba ce. Kusan kowane namiji mai bin ƙa'ida ana naɗa shi, tun daga shekarar da zai cika 12 da haihuwa. Yaro ɗan wannan shekaru yana raba jibi ga masu ibada, abin da mahaifiyarsa ba za ta yi ba komai iliminta.

Mulki ma a hannun firistoci yake. Bishop, wanda ke kula da kuɗin ikilisiya da ladabtar da mabiya, dole ya kasance namiji. Haka shugaban cocin da mataimakansa biyu da manzanni 12. Mata na shugabantar ƙungiyoyin mata, 'yan mata da yara, amma maza ne ke naɗa su, kuma su ke sauke su.

Jiya ta fi yau sarari

Masu fafutika na yawan kafa hujja da tarihin cocin kansa. A 1842 aka kafa zumuntar mata mai suna Relief Society a garin Nauvoo, ƙarƙashin Emma Smith, matar wanda ya kafa cocin. A ƙarni na 19 matan Mormon na ɗora hannu kan marasa lafiya su yi musu addu'ar waraka, al'adar da ta gushe a tsakiyar ƙarni na 20.

Matan Utah sun samu 'yancin zaɓe a 1870, shekara 50 kafin ya game Amurka baki ɗaya, a daidai lokacin da cocin ke koyar da auren mata da yawa, wanda ya sanar da dainawa a 1890. Suna da jaridarsu, Woman's Exponent, daga 1872 zuwa 1914. A 1896 likita Martha Hughes Cannon ta zama mace ta farko da ta ci kujerar sanata a majalisar wata jiha a Amurka, a zaɓen da mijinta na cikin waɗanda suka faɗi.

Daga baya aka tattara komai ƙarƙashin ikon firistoci. A 1970 aka rufe mujallar zumuntar matan, kuma ƙungiyar ta daina riƙe asusunta mai zaman kansa.

Kora bayan kora

Kelly ba ita ce ta farko ba. A 1979 an kori Sonia Johnson, wadda ta fito fili tana sukar yadda cocin ke yaƙar gyaran tsarin mulkin Amurka da ke neman daidaita haƙƙin maza da mata. A watan Satumban 1993 an hukunta masana shida, cikinsu har da Maxine Hanks, wadda ta tattara littafi kan mata da iko a cocin. Ita dai ta koma cocin a 2012.

Abin da cocin ke cewa

Matsayin shugabanni na cikin sanarwar iyali da Gordon B. Hinckley ya karanta a 1995: uba ke shugabantar gida da ciyar da shi, uwa ke da nauyin renon 'ya'ya, kuma su taimaki juna a matsayin abokan tarayya daidai wa daida. Shugabannin sun ce tsarin firistanci daga Allah yake, ba su da hurumin sauya shi. Mata da dama a cocin sun yarda da hakan, suna ganin bambancin aiki ba ƙasƙanci ba ne.

Masu neman sauyi kuwa na tunatar da abin da ya faru a 1978, lokacin da cocin ya janye haramcin naɗa baƙar fata firist, matakin da ya buɗe masa ƙofa a Najeriya da Ghana. A ganinsu, abin da ya sauya sau ɗaya zai iya sake sauyawa.

Gyare-gyaren da aka yi

An samu sassauci. A 2012 an rage shekarun fita wa'azin mata daga 21 zuwa 19. A 2013 Jean Stevens ta zama mace ta farko da ta yi addu'a a babban taron cocin. A 2015 an sanya mata cikin wasu manyan kwamitoci uku, sannan a 2019 aka ba su damar zama shaidu a baftisma da ɗaurin aure a haikali.

Sai dai duk waɗannan sun shafi bayyana ne da bayar da shawara, ba yanke hukunci ba. Tunda firistanci da mulki abu guda ne a cocin, macen da ba a naɗa ba za a iya jin ta bakinta, amma magana ta ƙarshe ba tata ba ce. Wannan ita ce gaɓar da muhawarar ta tsaya a kai tun zamanin Sonia Johnson har yau.