Gwajin Jini da Ciwon Huhun Masu Kiwon Tattabaru: Bayani da Matsalar Suna

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake auna jini domin gano ciwon huhun da cuɗanya da tsuntsaye ke haifarwa, tare da duba dacewar kalmomin da ake fassara gwajin da su.

2.0 Asalin Ciwon

A shekarar 1965 ne Reed da Sosman da Barbee suka bayyana wannan ciwo tsakanin masu kiwon tattabaru a Amurka. Ba ƙwayar cuta ke haddasa shi ba. Ƙurar busasshen kashin tsuntsu da garin da ke jikin gashinsa ake shaƙa, sai jiki ya tasam musu da yaƙi har huhu ya kumbura. Bayan awa 4 zuwa 8 da share ɗakin tattabaru, sai zazzaɓi da tari da haki su taso. In abin ya daɗe, huhu yakan yi tabon da ba ya gogewa. Alamun sun yi kama da na tarin fuka, don haka ake buƙatar gwaji.

3.0 Yadda Ake Gwajin

Akan ɗebi jini, a ware ruwansa, a haɗa shi da abin da aka tatso daga kashin tsuntsu ko gashinsa. Abin nema shi ne sinadarin kariya nau'in IgG. A tsohuwar dabarar Ouchterlony, farin layi ke fitowa inda biyun suka haɗu. Yanzu kuwa na'ura ke auna yawansa. Sai dai masu kiwo da dama suna ɗauke da sinadarin alhali lafiyarsu lau, wasu majinyatan kuma ba a samunsa a jininsu. Saboda haka dole likita ya haɗa sakamakon da tarihin majinyaci da hoton huhu da awon numfashi.

4.0 Matsalar Suna

Hausa takan kira irin wannan sinadari "garkuwar jiki". Garkuwa kuwa tsari take nufi, alhali a nan martanin jikin ne ke ɓarna. Haka kuma, in aka ce "gwajin gano cuta", mai kiwo zai ɗauka an yanke masa hukunci, ya rabu da sana'arsa ba bisa hujja ba.

5.0 Kammalawa

Bisa wannan dalili, muna ganin "gwajin shaidar cuɗanya" ya fi dacewa, domin iyakar abin da jini ke tabbatarwa ke nan.