Idan Haske Ya Shiga Gonar Haske

A gefen babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta bi Doso da Ƙonni, ta shigo Maraɗi, ta zarce Damagaram, akwai waya binne a ƙasa. Cikinta ba jan ƙarfe, sai zaren gilashi da ma'aikata ke kira fibar. Kaurin zare ɗaya bai wuce na gashin kai ba, mikron 125, cibiyar da haske ke bi kuwa mikron 9 ce kacal. Mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ta nan muryar ɗan kasuwa da hoton amarya da kuɗin da aka tura ta wayar salula suke wucewa, duk sun koma ƙyaftawar haske.

Tona rami kilomita 600 da ɗoriya daga Yamai zuwa Maraɗi ba wasa ba ne, shi ya sa ba a barin zare ɗaya ya ɗauki saƙo ɗaya. Ana cusa masa launukan haske 40 ko 80, kowane launi da nasa kaya, kamar tashoshin rediyo da ke raba iska ɗaya. Ido ba ya ganin waɗannan launuka, domin tsawon igiyarsu yana wajen nanomita 1550. Tsakanin launi da maƙwabcinsa kuwa nanomita 0.8 ne, wani zubin 0.4. Zama kusa haka ba ya rasa rigima.

Rigimar farko mai sauƙi ce. Wanda ya taɓa tsayawa a gandun noman rani na Jiratawa ana rabon ruwa ya san ta: kunya ta yi rauni, ruwan wannan fage ya tsiyaya zuwa na gefensa. Haka matatar da ke ware launuka a ƙarshen hanya takan bar ɗigon wani ya faɗa cikin wani. A sa matata mai kyau, magana ta ƙare.

Ta biyu ce mai ba da ciwon kai. Haske yana gajiya cikin gilashi; duk kilomita 15 rabin ƙarfinsa ya tafi, wato tafiyar da ba ta fi Maraɗi zuwa Tibiri da yawa ba. Don haka ake kafa na'urar ƙara ƙarfi wajen kowane kilomita 80, wadda sinadarin erbiyom ke cikinta, tana ɗaga launukan duka a tashi ɗaya. Mutum zai ce to, a ƙaro wuta tun daga tushe mana. A nan gizo ke saƙar. Idan haske ya yi ƙarfi cikin wannan ƴar cibiya, gilashin da kansa yana sauya hali, abin da ake dangantawa da John Kerr, masanin Sikotilan na ƙarni na 19. Ƙyaftawar launi ɗaya sai ta riƙa jirkita tafiyar na kusa da shi. Mafi muni, launuka sukan gauraya su haifi sababbi waɗanda ba wanda ya aiko su. Uku suna haifar tara. Arba'in kuwa suna haifar 31,200, da yawansu suna sauka daidai kan layin masu gida. Matata ba ta iya tsince su, tunda launinsu ɗaya da na gaskiyar. Ga kuma abin da C. V. Raman na Indiya ya gano a 1928, wanda a cikin fibar yake sa launuka masu gajeriyar igiya su zuba ƙarfinsu ga masu doguwa. Kamar babbar kasuwar Maraɗi ce da hantsi: kowa ya ɗaga murya don a ji shi, ƙarshe ba a jin kowa.

Maganin ya fito daga inda ba a zata ba. Launuka ba sa gudu daidai cikin gilashi, wani yana ɗan riga wani, kuma an daɗe ana ɗaukar wannan aibi ne. A shekarun 1980 aka ƙera zaren da ya kawar da shi, mai lamba G.653, Japan ta shimfiɗa shi da yawa. Da aka zo cusa launuka barkatai sai ya zama shi ya fi kowane zare haifar ɓatagarin launuka, domin masu tafiya kafaɗa da kafaɗa su ne ke samun sararin cuɗanya. Ni dai ban san darasin injiniya da ya fi wannan ban dariya ba: aibin da aka kashe kuɗi aka cire, shi ne mai raba faɗa. Aka dawo ana barin bambancin gudun da gangan, a ƙarshen hanya na'ura ta lissafa ta gyara shi.

Idan rezo ya ɗauke maka a Tibiri ko Jiratawa, kada ka yi saurin ɗora wa launuka laifi. Galibi cunkoso ne a eriya, ko an ɗauke wuta, ko mai tonon rami ya sare waya da diga. Rigimar launuka a ɗakin na'urori ake sasanta ta, inda ma'aikaci ke saita kowane launi a wajen miliwat ɗaya.